Ayyukan hannu ga 'yan nasare a lokacin tohon furanni: abin da aka tattauna

Maganar da aka yi kan ayyukan hannu da suka dace da yaran makarantar nasare ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da aka faɗa a wuri guda.

1. Wanda kusan kowa ya yaba shi ne shuka ƙwayar wake a kofin roba mai nuna ciki. A jiƙa auduga, a jingina ƙwayar da jikin kofin, a ajiye kusa da taga. Cikin 'yan kwanaki saiwa za ta leƙo, yaro na ganinta da idonsa kowace safiya. An ja kunne kada a cika ruwa, ƙwayar ruɓewa take yi. Ni ma wannan ya fi kwanta mini a rai.

2. Malam-buɗe-littafi: a ninka takarda gida biyu, yaro ya ɗiga fenti a gefe guda, a rufe, a danna, a buɗe. Fukafukai biyu iri ɗaya sai su fito.

3. A yi siffar fure da tafin hannu, a kuma yi siffar tsutsa da kwalin ƙwai.

An haɗu kan cewa a yi amfani da fenti mai wankuwa da almakashi marar tsini, a kuma nisantar da ƙananan duwatsun ado daga 'yan ƙasa da shekara 3, don suna kai komai baki.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara nuna samfuri, yaro ya kwaikwaya. Wasu sun ƙi, suka ce a bar shi ya zana ganyensa shuɗi in ya so. Na fi karkata ga na biyun. Batun ƙyalƙyali, wato garin ado mai walƙiya, ma ba a daidaita ba, masu shara bayan an tashi ba sa sonsa ko kaɗan.