Apache da MySQL sun ƙi tashi a XAMPP bayan an ɗauke wuta, ina neman mafita

Mai tambaya, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san kan XAMPP, manhajar da ake gwada shafin intanet da ita a kan kwamfuta kafin a ɗora shi, su taimaka min. Ina gina wa wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda shafin kasuwancinsa da WordPress, a kan laftof ɗina mai Windows 10. Na riga na shigar da kaya da farashinsu da hotuna, saura kaɗan in ɗora a intanet. Laftof ɗin batirinta ya mutu, sai da caja take aiki. Jiya ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, ta mutu nan take. Da aka kawo na kunna, na danna Start a kan MySQL, wato rumbun da ke ajiye bayanan shafin, sai ya yi kore na ɗan lokaci ya koma, ya rubuto da ja: "MySQL shutdown unexpectedly". Shi kuma Apache, mai buɗe shafin a burauza, ko motsi bai yi ba, cewa yake "Port 80 in use" da "PID 4". Alhajin yana jira in nuna masa ranar Asabar, kuma ya ba ni kafin alƙalami. Ya zan yi?

Wani ɗan uwa, Tudun Wada:

Wa'alaikumus salam. Cire XAMPP ɗin gaba ɗaya ka sake sa sabo. Ko ka shiga foldar data ta MySQL ka goge fayil ɗin ibdata1, zai tashi. Ni haka nake yi.

Wani malamin kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

A'a, don Allah ƙanena dakata, kar ka goge komai tukuna. Ɗan uwa na Tudun Wada, ka yi haƙuri, gaskiya ne zai iya tashi, amma zai tashi ne babu kayan Alhaji a ciki. A ibdata1 InnoDB, injin ajiya na MySQL, yake ajiye bayanin kowane tebur na rumbun. Kamar littafin bashi ne a shago, kaya na nan a kanta amma in littafin ya ɓata ba ka san na wa ne ba. Za ka buɗe phpMyAdmin, shafin da ake duba rumbun da shi, ka ga sunayen teburorin a jere, ka danna ya ce maka babu su.

Abu na farko, rufe XAMPP, ka kwafi foldar C:\xampp\mysql\data gaba ɗayanta zuwa filashi, haka ma foldar shafin da ke cikin htdocs, don a can hotunan suke, cikin wp-content\uploads. Sai ka yi wannan sannan mu taɓa wani abu.

Sannan matsalarka biyu ce, kuma ba su haɗa hanya ba. Ta MySQL ɗauke wuta ce ta jawo ta, an katse shi yana cikin rubutu. Ta Apache kuwa ba ruwan wuta, wani ne ya riga shi zama a ƙofa ta 80, wato Port 80 ɗin da yake karɓar buƙatun burauza ta nan. Buɗe mysql_error.log da ke cikin foldar data, ka gangara can ƙasa, ka turo mana layukan ƙarshe. Kuma faɗa min, akwai wanda ya sa wata manhaja a laftof ɗin kwanan nan?

Mai tambaya:

Na gode Malam, na kwafe su duka. A ƙasan fayil ɗin na ga "Can't open and lock privilege tables", kuma ya ambaci wani tebur db a cikin mysql. Maganar manhaja, abokina ya ari laftof ɗin shekaranjiya ya sa SQL Server don aikin makaranta. Apache dai yana kunne tun kafin nan, ban kashe laftof ɗin ba sai da ɗauke wuta ta kashe ta.

Malamin kwamfuta:

Madalla, to da sauƙi. Wanda ya lalace teburin izini ne na tsarin kansa, ba na shagon ba. Abin da XAMPP ke kira MySQL a allonsa MariaDB ne tun 2015, sunan kawai suka bari, kuma teburorinsa na tsari su ne suka fi saurin lalacewa in aka kashe shi babu sallama.

Ga yadda za ka yi. A cikin C:\xampp\mysql akwai folda mai suna backup. Sauya wa data suna zuwa data_old. Kwafi backup, ka sa wa kwafin suna data. Daga data_old ɗauko foldar rumbun bayanan shafinka kaɗai ka zuba a sabuwar. Kar ka ɗauko mysql da performance_schema da phpmyadmin, a nan ciwon yake. Daga ƙarshe ɗauko ibdata1 na data_old ka ɗora a kan wanda ke sabuwar foldar. Wannan matakin shi mutane suke mantawa, sai su dawo suna cewa hanyar ba ta aiki.

Ka lura da abu ɗaya. Teburin izini zai koma yadda ya zo, wato root, babban mai amfani, babu kalmar sirri. In ka taɓa ƙirƙirar wa WordPress wani mai amfani na daban, sai ka sake ƙirƙirarsa a phpMyAdmin da suna da kalmar sirrin da ke cikin wp-config.php, in ba haka ba za ka ga "Error establishing a database connection" ka zaci komai ya tafi.

In ya ƙi tashi kuma ka ga yana kuka da InnoDB, buɗe my.ini, fayil ɗin saitin MySQL, a ƙarƙashin layin [mysqld] ka ƙara innodb_force_recovery=1. Lambobin suna kaiwa 6, amma daga 4 zuwa sama suna iya lalata bayanai har abada, kar ka hau can kai kaɗai. Da ya tashi ka fitar da kayanka, ka cire layin.

Wani, Layout:

Ta Apache ai mai sauƙi ce. Danna Config na Apache a allon XAMPP, buɗe httpd.conf, ka mayar da Listen 80 zuwa Listen 8080, sai ka riƙa shiga localhost:8080. An gama.

Wata 'yar uwa, Daura:

Ba a gama ba Yaya, tunda WordPress ne. Shi yana ajiye adireshin shafin a cikin teburin wp_options, wurare biyu, siteurl da home. In aka koma 8080 ba a gyara su ba, shafin zai riƙa jefa ka localhost na da, ko ya buɗe tsirara babu ado, kuma hotunan da aka sa cikin rubutu suna nan da tsohon adireshi. Ana iya gyarawa da WP_HOME da WP_SITEURL a wp-config.php, amma me ya sa zai ƙara wa kansa aiki alhali Asabar ta matso? Gara ya tashi wanda ya zaune masa ƙofa.

PID lambar da ake ba kowane shiri mai gudu ce, kuma PID 4 ɗin nan Windows ne kansa, shi ya sa ba a iya kashe shi a Task Manager. Wata manhaja ce ta ce ya riƙe mata ƙofar. Tunda an sa SQL Server, zargina yana kan ɓangarensa na rahotanni, Reporting Services. Apache ya riga shi kama ƙofar a lokacin, da kwamfutar ta sake tashi sai shi ya riga Apache. Danna maɓallin Windows da R, rubuta services.msc, nemo SQL Server Reporting Services, ka tsayar da shi, ka mayar da shi Manual don kar ya tashi da kansa gobe. In ka ga World Wide Web Publishing Service yana gudu, shi ma haka. In ba ɗayansu ba ne, umarnin netsh http show servicestate zai nuna wanda ya yi rajista. Aikin abokinka ba zai taɓu ba, SQL Server kansa a ƙofa ta 1433 ya saba zama.

Wani, GRA:

Ni shawarata ka koma Docker, manhajar da ke gudanar da irin waɗannan abubuwa kowanne a keɓe, ka huta da XAMPP.

Malamin kwamfuta:

Docker yana da kyau, amma ba a kan laftof mara batir ba, ba kuma ga mai sayen data da awo ba, kuma ba a satin da ake jiran aiki ba. Shi ma rumbun da ke cikinsa in wuta ta katse shi yana iya lalacewa. Kuɗin da Alhaji ya ba ka, ka cire na batir ko ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, tukuna. Minti biyar ma ya isa ka danna Stop.

Mai tambaya:

Alhamdulillahi! Duka biyun sun yi kore. Reporting Services ne kuwa, Yaya ta Daura, Allah ya saka da alheri. Malam, na bi matakanka, kaya da farashi duk suna nan, sai shadda biyun da nake shigarwa lokacin da wuta ta tafi, su zan sake. Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ɗaya ta rage, kwafar foldar data kullum ta isa ajiya?

Malamin kwamfuta:

Amin. Ba ta isa ba, in ka kwafe ta MySQL yana gudu kwafin ma zai iya zuwa a lalace. Danna Shell a allon XAMPP, ka rubuta mysqldump -u root sunan_rumbun > shago.sql, ka sa sunan rumbunka na gaske a wurin. Kullum in za ka tashi ka yi, ka tura fayil ɗin filashi ko imel ɗinka, ba shi da nauyi. Shi ne ma za ka buƙata ranar da za ka ɗora shafin a intanet. Foldar data_old kuma bar ta a wurinta sai Alhaji ya karɓi aikinsa.