Allura kafin saka wa jariri bututun numfashi: yaya kuke yi a wurarenku?

Sista, ɗakin jarirai, cikin garin Sakkwato:
Salamu alaikum. Tun 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa in ba gaggawa ba ce, a yi wa jariri allurar kashe zafi kafin a saka masa bututu a maƙogwaro. Amma har yau ina ganin ana danne bakwaini ido biyu, yana mutsu-mutsu, bugun zuciyarsa na sauka. Ni ce mai riƙe kan, abin na ci mini rai. Ku fa?

Likitan yara:
Wa alaikumus salam, Sista. Gaskiyarki, jariri na jin zafi. Yunƙurin nan kuma yana hawar da jininsa da matsin cikin kai, ga jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini ba ƙwari. Idan da hali muna fara ba da atropin 0.02 mg kan kowane kilo don kada zuciya ta yi sanyi, sai fentanil mai kashe zafi, sai mai sassauta tsoka. Na ga bambanci da idona: baki ya buɗe, hanya ta fito sarai, galibi shiga ɗaya. Fentanil dai a tura shi a hankali. Na taɓa halartar inda aka tura shi da sauri, ƙirjin yaro ya ƙage, ana matsa ambu, jakar nan ta hura wa yaro iska da hannu, iska ta ƙi shiga, sai da mai sassauta tsoka ya kama.

Nas, wajen Gwadabawa:
Dakta, mu nan fentanil sai dai labari. Morfin, shi ma mai kashe zafi, kan samu, amma yana daɗewa kafin ya kama, in an yi hanzari kamar ba a ba da komai ba. Sukolin kuma, wato mai sassauta tsokar, firji yake so, ga zafin Afrilu, ga ɗaukewar wuta.

Likitan sa barci:
Malam, ko da sukolin na hannunka, kada ka taɓa shi sai ka tabbata za ka iya ba yaron iska da ambu, kuma akwai ƙwararre a tsaye. Ka tsayar masa da numfashi ke nan. An kira ni kan jinjiri mai ƙaramar haɓa, harshe ya koma baya. Na hana a sassauta shi, da numfashinsa muka lallaba. Midazolam kuwa, mai sa barci, ba na ba bakwaini.

Ungozoma, ɗakin haihuwa:
Namu daban ne. Yaro ya faɗo ba kuka, ba jijiyar da aka samu, wa zai tsaya haɗa allura? Ambu muke kamawa, kuma yawancinsu da shi suke farfaɗowa.

Sista:
Haka ne, Hajiya, wannan gaggawa ce. Dakta, don Allah a rubuta mana awon kowane magani bisa nauyin yaro, mu manna a bango. Lissafin tsarma fentanil da tsakar dare shi ke sa wasunmu haƙura da shi.