Abin da muka tattauna kan kwatanta marasa lafiya a binciken tiyatar kansar bakin mahaifa

Jiya bayan la'asar mun zauna da 'yan uwa likitoci a nan Katsina kan yadda ake kwatanta rukuni biyu na mata a binciken tiyatar kansar bakin mahaifa, wato waɗanda aka buɗe wa ciki da waɗanda aka yi wa aikin kyamara (tiyata ta ƙananan huji ba tare da buɗe ciki ba), ga abin da na tsinta.

Malamarmu ta ce kar ka haɗa wadda ta zo kansarta tana mataki na 1 da ta mataki na 3 ka ce wai aikin ne ya bambanta su, ai ciwon ne ya riga ya ci jiki, mu kuma nan sai jini ya daɗe yana zuba an sha jiƙe-jiƙe an gaji sannan a taho asibiti. A duba shekaru, girman ƙarin, ko an yi mata gashin ƙari da na'ura (radiotherapy). Kuma likita yakan zaɓi mai sauƙin ciwo ya yi mata aikin kyamara, dole sakamakon aikin kyamara ya yi kyau a fayil mana.

Shi ya sa ƙuri'a ta fi, wato ƙuri'a ce za ta zaɓi irin aikin da za a yi wa kowace mace, ba likita ba. A binciken LACC na 2018, wanda ya kwatanta aikin kyamara da na buɗe ciki, mata 631 aka raba da ƙuri'a, sai ga shi ciwon ya fi dawowa wa waɗanda aka yi wa aikin kyamara kan waɗanda aka buɗe wa ciki. Waɗanda suka daina zuwa asibiti kuma a kira wayarsu, kar a rubuta sun warke.