Hawan doki a bakin teku karon farko: me zan tarar, me zan shirya?

Ƙanwarku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Za mu tafi hutu bakin teku ni da maigidana da 'yarmu mai shekara 9, kuma cikin abin da ya tsara har da hawan doki a gefen ruwa na awa ɗaya tare da ɗan rakiya. Ni ban taɓa sa ƙafa a likkafa ba, ban kuma iya iyo ba. Shi ya ɗan taɓa hawa yana yaro, shi ya sa yake ta cika baki wai sai ya yi sukuwa ruwa na fallatsa, irin yadda ake gani a hotuna. Yarinyar kuwa zumuɗi ya hana ta barci. Ni kaɗai gabana ke faɗuwa. Don Allah wanda ya sani ya gaya min gaskiya: yaya abin yake? Dokin zai shiga ruwa da ni ne? In ya ɗauke ni a guje fa?

Baba Mai Dawaki:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, amma ki gaya wa maigidan ya rage buri. Abin da za ki tarar a irin wannan hawa shi ne tafiya a jere, ɗan rakiya a gaba, dawaki na taku a hankali, abin da bai fi kilomita 6 ko 7 a awa ba. In ya ga kun zauna daidai a sirdi, yana iya barinku ku ɗan yi sassarfa. Sukuwa kuwa, wadda doki ke kai kilomita 40 a awa har ya wuce, mai doki da ya san ciwon dabbarsa ba zai bar baƙon da bai sani ba ya yi ta ba.

Ga dalili. Yashin bakin teku iri uku ne. Akwai busasshe na can sama, wanda kofato ke nutsewa a ciki. Wannan yana gajiyar da doki da wuri, kuma gudu a cikinsa na jawo ciwon jijiyar ƙafa, ciwon da kan ɗauki watanni bai warke ba. Akwai jiƙaƙƙe mai tauri, wanda ruwa ya janye ya bari, shi ne hanyar doki. Sai kuma na bakin ruwa sosai, musamman inda rafi ko kogi ke shiga teku, wanda a ido lafiya lau yake amma yana iya lumewa da ƙafa farat ɗaya. Ɗan rakiya ya san inda kowanne yake, ku ba ku sani ba. Saboda haka inda dokinsa ya taka, nan naku zai taka.

Sannan ki san halin dabbar. Doki abin farauta ne a daji, Allah ya yi shi da saurin firgita, in ya ga abin da bai gane ba, gudu ne farkon abin da ke zo masa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, sai dai daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Bakin teku kuma cike yake da abin firgita: lema da iska ta kifar, leda na tashi, kare ya taho a guje, ƙwallon yara, ga ƙarar ruwa da iska da ke hana shi jin abin da ke zuwa. Dawakin da ke wannan aiki kullum sun saba, yawancinsu ko kunne ba sa kaɗawa. Duk da haka kada ki saki linzami don ɗaukar hoto.

Ɗan Masunta:
Baba ya gama magana a kan yashi, ni zan ƙara da lokaci, domin lokaci ne ke ba ki wannan yashin mai tauri ko ya hana ki. Anti, teku yana cika yana janyewa. A mafi yawan gaɓoɓi sau 2 yake cika, sau 2 yake janyewa a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa gaba da kimanin minti 50. In yau ruwa ya janye ƙarfe 8 na safe, bayan mako guda sai wajen azahar zai janye. Don haka kada ku ce "ƙarfe 5 na yamma muke so saboda faɗuwar rana" ku tsaya a nan. Ku tambayi masu dawakin ƙarfe nawa ruwa ke janyewa ranar, ko ku duba jadawalin cikar teku na wurin a intanet. Mafi kyau ku fita ruwa na kan janyewa, awa ɗaya ko biyu kafin ya kai ƙarshe.

Wuri ma ya bambanta. A yawancin Bahar Rum da ƙyar za ki lura da bambancin. A mashigin Fundy na Kanada kuwa tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 15 har ya ɗara. A Mont-Saint-Michel na Faransa har cewa suke ruwan da gudun doki yake dawowa. Akwai zuguguwa a maganar, amma inda gaɓa take shimfiɗe ruwa kan zagayo ta bayan mutum ya tare masa hanya yana can yana kallon gaba. Lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa abin ya fi ƙarfi.

Ɗan Sukuwa:
Haba jama'a, kun tsorata baiwar Allah. Yaya, babu filin da ya kai bakin teku daɗin sukuwa, ba rami, ba mota, ba kwana. Red Rum, dokin da ya ci gasar Grand National ta Ingila a 1973 da 1974 da 1977, a yashin bakin tekun garin Southport na Ingila aka horar da shi, kuma da ciwon kofato ya zo, ruwan gishiri ya taimake shi. A Laytown ta ƙasar Ireland tun 1868 ake tseren dawaki a bakin teku. Ku bar maigida ya more kuɗinsa.

Baba Mai Dawaki:
Ɗana, duk abin da ka faɗa haka ne, sai dai ka bar rabi. Wanda ya horar da Red Rum, Ginger McCain, sai ya gyara yashin da zai bi tukuna, kuma ƙwararru ne a kan dokin. Tseren Laytown sau ɗaya ake yinsa a shekara, bayan ruwa ya janye an duba fili. Mutumin da rabonsa da sirdi tun yana yaro ba ya cikin wannan lissafi. Kuma abin da ka kira daɗi, wato fili ba iyaka, shi ne matsalar: doki in ya ga sarari ga iska, jininsa kan tashi, in ɗaya ya zabura sauran sai su bi. Maigida ya saki nasa, na matarsa da na 'yarsa su ma sun tafi. Wa zai tsayar da su?

Ɗan Sukuwa:
Na karɓa Baba. To ya nemi a fita da shi daban, shi da ɗan rakiya, bayan an gwada zamansa.

Maman 'Yan Biyu:
'Yar'uwa, ni irinki ce, ban iya iyo ba, kuma na hau. Abu biyu ne ba wanda ya gaya min.

Na farko jiri. Da muka shiga ruwa iya idon sawun doki, sai na sunkuya ina kallon ƙasa. Igiyar ruwa ta zo ta wuce, da ta juya tana komawa tana jan yashi, wallahi sai na ga kamar ni da dokin muna zamewa gefe, alhali a tsaye muke cak. Na ƙanƙame gaban sirdi ina salati. Ɗan rakiyar ya ce in ɗaga kai in kalli can inda sama ta haɗu da ruwa, nan take abin ya sake ni. Ya ce dawakin da ba su saba ba su ma suna jin haka, har su yi tangaɗi.

Na biyu, in kika ga doki ya tsaya yana bugun ruwa ko yashi da ƙafar gaba, fantsama-fantsama, kada ki tsaya dariya. Sau da yawa shirin kwanciya yake ya yi birgima. A gabana dokin wani bawan Allah ya yi haka: ya buga ruwa, ya sunkuyar da kai, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, mutumin dai ya yi sa'a ya zare ƙafa ya dira gefe, ya tashi sharkaf da wayarsa a aljihu. Da kin ga alamar, ki ɗaga masa kai da linzami, ki matse shi da dugaduganki ya ci gaba da tafiya.

Kuma washegari cinyoyinki za su yi tsami. Kada ki tsara doguwar tafiyar ƙafa ranar.

Malamar Jinya:
Ƙanwata, ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Hular kwano ta hawan doki, ku ukun, ba yarinyar kaɗai ba. Mutane na ganin yashi laushi ne da shi, amma jiƙaƙƙen yashi da ake hawa a kai tauri gare shi, kuma kan wanda ke bisa doki ya haura mita 2 daga ƙasa. Raunin kai shi ne mafi muni a faɗuwa daga doki. In wurin ba su da hular da ta yi wa 'yarki daidai, wadda ba ta juyawa in ta girgiza kai, ku fasa. In akwai juna biyu, ko ciwon baya mai tsanani, ko an yi miki tiyata kwanan nan, ki bari sai wani karon. Ku sha ruwa kafin ku fita, iskar teku na ɓoye zafin rana, ga hasken da ke dawowa daga ruwa da yashi.

Batun iyo kuma, ki gaya musu tun a waya. Wasu wuraren suna da tsarin shiga da doki har ya yi iyo. Wannan ba naki ba ne.

Ƙanwarku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsar Baba, ya yi shiru, ya ce a tambaya masa ko sassarfar ma za a bar shi. Saura abu uku: wane kaya zan sa? Yarinyar a gabana za ta zauna ko a gaban babanta? Kuma Baba, in dokin ya zabura da ni duk da haka, me zan yi?

Maman 'Yan Biyu:
Dogon wando mai ɗan kauri a ciki, don fatar likkafa na goge ƙauri. Duk abin da za ki ɗora a sama ya zama ba mai jan ƙasa ba, ba kuma mai tashi a iska ba. Mayafi ki ɗaure shi tam ki cusa bakinsa, don in ya buɗe yana kaɗawa zai iya firgita dokin da ke bayanki. Takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya, ban da silifa. Waya a jaka mai zif da ake ɗaurawa a ƙugu, ko ki ba ɗan rakiya ya ɗauke ku. Kuma ki sa kayan da ba za ki ji haushi ba in gishiri ya taɓa su.

Baba Mai Dawaki:
'Yata, yarinya ba a gaban kowa ba. In babba ya faɗi, a kanta zai faɗo. Mai shekara 9 a ba ta ƙaramin doki mai sanyin hali, wani ya riƙe ragamar yana tafe a ƙasa. Wurare da yawa suna da ƙa'idar shekaru da ta nauyi, ku tambaya kafin ku biya. In sun tambayi nauyinku kada ku ji kunya ko ku rage. Abin da aka saba bi shi ne kada kayan da ke bayan doki, mahayi da sirdi, su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dokin kilo 400 ke nan kilo 80 zai ɗauka, a yashi kuma aikin ya fi wuya.

In ya zabura: kada ki yi ihu, kada ki kwanta a wuyansa, kada ki matse shi da ƙafafu, domin a wurinsa matsewa na nufin ƙara gudu. Ki zauna daram, ki ɗan koma baya, dugadugai ƙasa, tsinin ƙafa kawai a likkafa. Ki ja linzami ki sassauta, ki ja ki sassauta, kina yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa. In akwai fili, ki ja gefe ɗaya a hankali ya yi babban da'ira, gudun zai mutu. Yawanci ma taku kaɗan ne zai yi ya tsaya, don ba ya son rabuwa da 'yan'uwansa. Ki fi lura a hanyar dawowa, nan ne kowane doki ke ƙara sauri saboda ya san gida ya nufa. Ki bar tazarar tsawon doki ɗaya tsakaninki da na gaba, in kuma kika ga wani ya kwantar da kunnuwa baya, harbi ko cizo yake shiri, ki ja naki gefe.

Abin da na fi so ki yi shi ne ki je da wuri ki kalli dawakin kafin a ɗaura sirdi, ko ki ce a ɗaga miki shimfiɗar ki gani. In haƙarƙari a waje, ko miki a baya ko inda majanyi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi, ke bi, ko yana ɗingishi, ko an bar su a rana ba inuwa ba ruwan sha, kada ki hau. Doki na shan lita 20 zuwa 40 a yini, fiye da haka in ana zafi, kuma ruwan teku ba ya kashe masa ƙishirwa. Dokin da ke jin ciwo shi ne ke tutsu. Bayan an ɗaura, ki ce a sake duba majanyi kafin ku taka yashi, don wasu dawakin na kumbura ciki lokacin ɗauri, daga baya sirdi ya yi sako-sako.

Sassarfar maigida kuwa, ɗan rakiya ne zai yanke bayan ya ga zamansa a minti goma na farko.

Ɗan Masunta:
Ƙari kaɗan Anti: wasu gaɓoɓin ana hana dawaki a wasu watanni ko wasu awanni, saboda cunkoson masu wanka ko lokacin da kunkurun teku da tsuntsaye ke ƙwai a yashi. Ku tabbatar masu dawakin na da izinin wurin. In kun sa rana, rubuto min kwanan watan da sunan gaɓar ta akwatin saƙo, in duba miki jadawalin ruwan.

Ƙanwarku:
To Yaya, zan turo in sha Allah. Na kira su yanzu, sun ce suna da hular yara, kuma fitar safe ce ta dace da janyewar ruwa a makon. Ita muka ɗauka.