Katafila ta tono tukwane: a tsaya ko a ci gaba?

Injiniya Nasiru: Salamu alaikum. Jiya a ramin da muke ɗibar jar ƙasa don cikon hanya, katafila ta tono manyan tukwane da tarin kashin maƙera. Wani malamin firamare na ƙauyen ya ce mu dakata a kira masana. Ban dakata ba. A ganina tsayar da aikin hanya saboda tsingaro zalunci ne ga mutanen da har yau a amalanke suke kai mai naƙuda asibiti. Damina ta matso, kuma kuɗin hayar katafila kullum ake biya, ta yi aiki ko ba ta yi ba.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Injiniya, kalmar tsingaron nan ta sosa mini rai. Tarin kashin maƙera na nufin an taɓa narka tama a wurin, wato mutane sun zauna sun yi sana'a. Kuma ba tukunyar kaɗai ke ba da labari ba, makwancinta ne: zurfinta, abin da ke ƙarƙashinta, gawayin da ke gefenta wanda da shi ake auna shekaru. In bakin katafila ya birkice wannan, ko ka tsinci tukunyar ba tsaga, ta zama bebiya.

Alhaji Umaru: Ɗiyata, ni ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Tarihinmu rubuce shi ke. Shehu da Abdullahi da Bello sun bar muna littattafai, ga Hubbare, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu. Abin da anka binne cikin ƙasa na mutanen jahiliyya ne, wasu ma gumaka ne.

Malama Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. A 1809 aka kafa birnin Sakkwato. Waɗanda suka zauna bakin gulbin Rima kafin nan fa, wa zai ba mu labarinsu? Birnin Surame da Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16 can ƙasar Binji, ganuwarta ta dutse ce babbar shaidarta, shi ya sa aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964. Alkalawa kuwa, babban birnin Gobir da ta faɗi a 1808, ai cikin tarihin jihadi take, kuma yau kufai ce. Wanda ya ɗebi ƙasarta ya yi ciko, daga tarihin Shehu ya ɗiba. Babu mai cewa a girmama gunki, Baba. Cewa muke a san su wa suka riga mu.

Barista Sani: Akwai doka ma. Ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa ko cinikin irin waɗannan kaya ba izini, ta 1992 kuma ta wajabta binciken illar babban aiki kafin a fara shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum-mutumin yumɓu da dillalan Turai ke kira "na Sakkwato". A 2000 aka sa su cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa, tare da na Nok da na Katsina. Sunanmu ke kansu, amma ɓarayi suka tono su, ramukan ma ba mu sani ba.

Injiniya Nasiru: Barista, na san dokar. Amma ni ba wanda ya taka wurin nan kafin mu shigo, kuma a takardar kwangila babu ko kwabo na ranakun jira. In na tsaya, daga aljihun wa? Mai gonar ma tsoro yake ji kada a ce an ga kayan tarihi a karɓe masa fili.

Malama Hadiza: Nan kam da gaskiyarka, tun wajen safiyo ya kamata a sa masanin kayan tarihi da kuɗinsa. An taɓa yi a madatsar ruwa ta Kainji: kafin ruwa ya cika a 1968 masana sun haƙa wurare a yankin Yawuri, sun kwashe abin da suka iya, kuma ba a fasa gina madatsar ba. Sannan ramin ɗibar ƙasa ba layin hanya ba ne, ana iya gusa shi. Ina tunanin titin Illela zuwa Badagry, sama da kilomita 1,000, ramuka nawa za a haƙa masa.

Alhaji Umaru: Zancen gumaka dai ina nan kan bakana. Amma Nasiru, in kun ga ƙashin mutum, ku tsaya. Ɗan Adam na da alfarma ko na wane zamani ne. Ka sami maigari tun da safe.

Injiniya Nasiru: To Baba. Gobe zan mai da katafila gefen gabas, zan iya jira zuwa Alhamis, ban da fin haka. Sai dai tukwane biyu sun riga sun fashe, ɗaya kuma wani lebura ya tafi da ita gida.

Malama Hadiza: Ka roƙe shi ya maido ta, kada ya wanke cikinta. Sauran a bar su yadda suke, ka ɗauki hoto da shebur a gefe don a gane girmansu. Ni zan je gidan tarihi da ƙarfe 9.