Rikicin gidan gado: kotun tarayya zan nufa ko ta jiha?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga kotu su taimaka min. Babanmu ya rasu bara, ya bar gida a nan Kano mai takardar C of O (takardar mallaka da gwamna ke bayarwa) da sunansa, mu bakwai ne magada. Ko rabon gado ba a yi ba sai ga wani tsohon ma'aikacin kwastam da wata takarda, wai Baba ya sayar masa da rabin gidan tun 2019, mu kuma har a gadon asibiti Baba bai taɓa yin wannan maganar ba. Kawunmu ya ce tunda mutumin na gwamnatin tarayya ne sai Babbar Kotun Tarayya, yayanmu ya ce a'a kotun shari'ar Musulunci tunda gado ne. Ni aka ɗora wa neman lauya kuma kuɗin hannunmu ba yawa. Ina zan nufa?

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙan Baba. Hajiya ku je wajen mai unguwa a sasanta kawai, kotu ba wajen zuwa ba ne.

Ummu Sadiq: Indai kuna da marayu ƙanana a kai maganar Hisbah, ni a can aka karɓo min kuɗin ciyar da yarana.

Maman Ihsan: Yaya Ummu ba maganar ciyarwa ba ce, gida ne, kuma mun je wajen mai unguwa sau biyu mutumin ya ƙi zuwa.

Baba Na Zariya: 'Yata ki saurare ni da kyau. Gonar mahaifinmu wata hukumar tarayya ta shigo ta kafa shinge a ciki, lauyanmu na farko ya ce tunda hukumar tarayya ce to kotun tarayya za mu, muka bi shi don ba mu san komai ba. Shekara uku muna sintiri, na sayar da babur ɗina na sayar da shanu biyu, ƙanina ya ci bashi a wajen aiki, aka yanke hukunci muka yi nasara har walima muka yi a gida. Suka ɗaukaka ƙara. Bayan wasu shekara biyu alƙalai uku suka zauna, ko kallon shaidunmu ba su yi ba, suka ce kotun farko ba ta da hurumin sauraron rikicin mallakar ƙasa, duk abin da aka yi ya rushe, mu koma Babbar Kotun Jiha mu fara daga farko. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta ga ƙarshen abin ba. Dattijon da ya san iyakar gonar shi ma ya rasu. Har yau in na ji kalmar hurumi sai gabana ya faɗi.

Ɗan Fagge: Innalillahi. To lauyan fa Baba, ya dawo muku da kuɗinku?

Baba Na Zariya: Wane kuɗi? Cewa ya yi a ƙaro wasu ya kai Kotun Ƙoli. Na ce masa ya bar ni haka.

Aliyu Mai Karatun Lauya: Hajiya abin da ya sami Baba shi ne amsarki. Kotun tarayya ba ta kallon inda mutum ya yi aiki, irin ƙarar take kallo. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa nata: kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastam, kamfanoni, jiragen ruwa da na sama, zama ɗan ƙasa da sauransu. Don mutum ya taɓa sa kakin kwastam ba zai mayar da cinikin gida harkar tarayya ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ƙasar da gwamna ya ba da takardarta, Babbar Kotun Jiha ce ke sauraron rikicin mallakarta. Rabon gado tsakaninku ku bakwai kuma na kotun shari'ar Musulunci ne, wanda bai gamsu ba ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Abu biyu ne kuka haɗa wuri ɗaya. Daga sama dai hanya ɗaya ce, ko daga ta jiha ko daga ta tarayya duk Kotun Ɗaukaka Ƙara ake zuwa, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Malam Garba Masinja: Yaro kana aji nawa? Ni shekara ashirin da biyu ina kai sammaci, gidaje nawa na ga alƙalin shari'a ya raba kuma ya kori mai da'awar ciniki a zama uku. Ta je can, ya kawo shaidu biyu ko a ba magada rantsuwa, magana ta ƙare.

Aliyu Mai Karatun Lauya: Ranka ya daɗe ban raina aikinka ba, amma in wancan ya ɗauki lauya ranar farko zai ce kotun ba ta da hurumi a kan gida mai C of O, sai a koma gidan jiya.

Malam Garba Masinja: Karatu daban, zaman kotu daban.

Sani Kwari: Ku bar musu ku faɗa mata kuɗi. Ni rigimar shagona dubu ɗari da hamsin na ba lauya har aka gama.

Ummu Sadiq: A wace shekarar Malam Sani? Mijin ƙanwata dubu ɗari takwas aka ce masa a kan fili, ban da kuɗin mota duk ranar zama dubu ashirin.

Ɗan Fagge: Namu cewa ya yi kashi goma na kuɗin gidan in an ci, in ba a ci ba Allah ya ba da lada.

Auwal Keke: To ai Malam Sani lauyanka a Kwari ka saye shi, farashin sari 😂

Sani Kwari: Kai dai ka ci gaba da tuƙa kekenka har Kotun Ƙoli.

Maman Ihsan: Don Allah dai, wato sai mu fara da maganar mutumin kafin rabon gado ko yaya?

Ɗan Fagge: Hajiya su kansu manyan ba su gane ba. Ba ki ga rikicin masarautar Kano a 2024 ba, kotun tarayya ta ba da umarni ta jiha ta ba da kishiyarsa a gari ɗaya, sai a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ba ta kotun tarayya ba ce. In masu manyan lauyoyi sun ɓata hanya ina ga mu.

Baba Na Zariya: Su ai cikin watanni aka saurare su. Mu shekara biyar kafin a ce mana mun shiga ƙofar da ba tamu ba.

Ummu Sadiq: Wallahi ɗage zama shi ne ciwon. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan wancan ba shi da lafiya, jibi hutun shekara. Lokacin yajin aikin ma'aikatan kotu na 2021 wata biyu cur kotuna a kulle, ɗan maƙwabciyarmu yana tsare a kan rigimar waya ba wanda zai ba da belinsa, uwarsa kullum tana hanya da kwanon abinci.

Malam Garba Masinja: To ku tambayi dalilin yajin. A lokacin kuɗin kotunan jiha a hannun gwamnoni yake, shi muka ce a saki. Takardar rubutu ma wani lokacin da kuɗinmu muke saya, sai mutum ya zo ya ce masinja ya nemi na mota.

Sani Kwari: Na mota dai ana nema Malam Garba, ni na bayar sau uku kafin sammaci ya isa Kurna.

Malam Garba Masinja: Da ƙafa kake so a kai maka?

Maman Ihsan: Malam Aliyu in kana nan, ranar Litinin mutumin ya ce zai turo magina su ja katanga.