Wa zan nuna wa ɗalibaina da ya yi kama da su?

Malamar Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyarwa a wata lakwal nan Tawa. Laraba da marece ba mu da aji, sai in tara yaran unguwa a tsakar gida in kunna musu bidiyo a waya, in jingina ta da buta. Makon jiya na sa musu CNN Heroes, shirin da ke nuna masu taimakon jama'a, har da masu taimakon marayu da yara marasa galihu. Suka kalla tsit. Da aka ƙare, wata ƙaramar yarinya ta ce, "Madam, su duk a waje suke?" Wallahi sai na yi kamar ina gyara waya. Don Allah ku ba ni sunayen namu, masu ƙirƙira ko masu aikin yara, waɗanda aka taɓa nunawa a tele.

Magini daga Illela:
Wa alaikumus salam Malama. Ai abin nema na gindinki. Ki nemi Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine, wadda ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Ita da Yasaman Esmaili suka yi ginin Hikma a Dandaji, nan cikin jiharmu, aka gama a 2018. Tsohon masallacin garin ya lalace, maimakon a rushe shi sai aka gyara ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. Na shiga da azahar cikin watan Afrilu, ciki da sanyi, ba irin ɗakin kwano da ke dafa mutum ba. Bidiyonta na nan da yawa, sai dai da Faransanci ko Turanci.

Abin da ke ci mini rai, masu ɗaukar hoton nan fuska suke so, ba hannu ba. A nuna mai zane tana magana, a nuna rana na faɗuwa bayan hasumiya, shi ke nan. Wanda ya kwaɓa ƙasar fa? Ki gaya wa yaranki sunan Alhaji Falke Barmu, maginin masallacin Yama, wanda aikinsa ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. In da hali ma ki kai su Yama su taɓa bangon.

Inna mai aikin likita, Yamai:
Ƴata, ni nawa gwanin ba shi da fuska. Ɗan tsiri ne mai launi uku da muke naɗa wa yaro a damtse don gane tamowa. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, ƙasa da milimita 115, a garzaya likita. A Mirya aka gwada koya wa uwaye su auna da kansu a gida, kuma suka iya, har wadda ba ta taɓa zama aji ba. Sai ƙunshin gujiyar nan na maganin tamowa, Plumpy'Nut, da ya yi suna a yunwar 2005 a Maraɗi. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, uwa ta yage baki ta ba ɗanta. Ana yin shi a Yamai ma. Ki karɓo tsiri ɗaya a likitar unguwarku, su auna juna, za ki sha dariya.

Tsohon mai kyamara:
Na yi shekaru a wani gidan tele. Kyamara ɗaya, mota ba mai, labari minti biyu. Wanda ya aiko takardar gayyata da kuɗin mai shi ake zuwa wa, shi ya sa kullum bikin raba buhuna kike gani. Ki ƙara da Francis Kéré na Burkina, mai zanen gine-gine, ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Da lakwal ɗin ƙauyensu Gando ya fara.

Malamar Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Inna, na samo tsirin yau da safe. Baba magini, nawa ne kuɗin mota daga Tawa zuwa Yama? Yara goma sha ɗaya ne, sai ni.